Gwajin wata fuskar kwamfuta a kan Ubuntu da ba a gama haɗawa ba: laifin wa ne idan allo ya yi baƙi?

Ranar 13 ga Oktoba, 2016, kamfanin Canonical ya saki Ubuntu 16.10, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Duk wanda ya ɗora ta a kwamfutarsa, in ya iso wurin rubuta kalmar sirri, zai ga wani ɗan ƙaramin tambari kusa da sunansa. Da ya latsa shi sai zaɓi biyu su fito: Unity ɗin da aka saba da ita tun 2011, da wata sabuwa mai suna Unity 8. Mutane da dama sun latsa ta biyun don su gane wa idonsu. Wasu sun samu shiga, suka tarar da fuska mai kyan gani amma kusan fayau, daga manhajar shiga intanet sai wurin saituna sai 'yan tarkace kaɗan. Wasu kuwa baƙin allo kawai suka gani, musamman masu katin hoto na Nvidia da ke aiki da direban kamfanin. Ba a cika wata shida ba, ranar 5 ga Afrilu, 2017, Mark Shuttleworth, wanda ya kafa Canonical, ya sanar cewa an daina zuba kuɗi a Unity 8, kuma Ubuntu za ta koma GNOME.

Mai amfani da Windows ko Mac bai cika lura da cewa abin da yake gani a allo daban ne da abin da ke tafiyar da kwamfutar ba, domin kamfani ɗaya ne ya ɗinke su wuri guda bai ba shi zaɓi ba. A Linux ba haka abin yake ba. Sandar da ke ƙasa ko gefen allo, da jerin manhajoji, da yadda taga ke buɗewa ta rufe, da wurin saita haske da sauti da Wi-Fi, da manhajar duba fayiloli, wannan tarin duka shi ne fuskar kwamfuta, kuma ana iya ajiye wata a ɗauki wata. Akwai GNOME, wadda Ubuntu da Fedora ke zuwa da ita. Akwai KDE Plasma. Akwai marasa nauyi irin su Xfce da LXQt. Akwai MATE da Cinnamon, waɗanda aka fara a 2011 saboda haushin da mutane suka ji kan sauyin GNOME 3. Ga kuma 'yar autarsu, COSMIC.

Sai dai fuska ba ta tsayuwa da ƙafarta. A can ƙasa akwai kanel ɗin Linux, shi ke magana da ƙarafan kwamfutar. A kansa akwai Mesa, tarin direbobin da ke sa katin hoto ya zana abin da aka umarce shi. Sai tsarin da ke raba allo tsakanin manhajoji: tsohon shi ne X11, wanda ke nan tun 1987, sabon kuma Wayland, da aka fara a 2008. Sai shafin da ke karɓar kalmar sirri, wanda shi ma manhaja ce mai zaman kanta, GDM ko SDDM ko LightDM. Sai kayan da ake ƙera maɓallai da tagogi da su, GTK a ɓangaren GNOME da Xfce, Qt a ɓangaren Plasma da LXQt. Fuskar tana zaune ne a saman waɗannan duka. A Ubuntu da aka riga aka saki, an ɗaure su, ba sa motsi sai ɗan gyara. A wadda ake kan haɗawa kuwa, kowannensu na iya sauyawa tsakanin safiya da maraice. Gwada baƙuwar fuska a kan irin wannan kamar jera kayan ɗaki ne a gidan da magina ke kan aiki: in ka dawo da yamma ka tarar gado ya karkace, ba ka sani ba ko ƙafarsa ce ta karye ko daɓen ne aka fasa.

Ubuntu tana fita sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, shi ya sa lambarta take shekara da wata: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Ta Afrilun kowace shekara mai lambar da ke rabuwa biyu daidai, wato duk bayan shekara biyu, ita ce LTS, wadda ake kula da ita shekara biyar. Sauran na tsakani wata tara kawai ake ba su. Da an saki guda, ba a jimawa ake buɗe rumbun ta gaba, a riƙa kwaso fakitocin manhaja daga Debian, wani nau'in Linux da aka gina Ubuntu a kansa, daga reshensa mai suna sid, inda sababbin abubuwa ke fara sauka. Kullum ana haɗa sabon hoto, wato fayil guda mai ɗauke da Ubuntun gaba ɗaya, da mutum zai iya saukewa ya zuba a filashi. Kimanin wata biyu kafin ranar saki sai a rufe ƙofar karɓar sababbin abubuwa, daga nan sai gyara kawai, sai beta, wato fitowar gwaji, sai ranar fita. Fedora, wani nau'in Linux ɗin, tana da nata reshen mai suna Rawhide, Debian tana da sid da testing. Sunaye ne suka bambanta, amma halin ɗaya ne.

Abin da ba a cika faɗa wa mai gwaji ba shi ne, wannan kalanda ba don kowa aka tsara ta ba. GNOME tana fita a Maris da Satumba, Ubuntu kuma wata guda bayan haka, kuma ba katari ba ne, tun farkonta a 2004 aka ɗora lokacinta a kan na GNOME. GNOME ce 'yar gida. Tana cikin sashen rumbun da ake kira main, wanda ma'aikatan Canonical masu albashi ke ɗauke da nauyinsa. Plasma da Xfce da LXQt da MATE suna sashen universe, hannun 'yan sa-kai, mutanen da yawancinsu sai sun tashi daga aikin da ke ciyar da su sannan su zauna su duba. Ko a LTS, shekara uku tawagogin Kubuntu da Xubuntu da Lubuntu, wato Ubuntu mai Plasma da mai Xfce da mai LXQt, ke yin alkawarin kula da nasu, ba biyar ba.

Shekarar 2024 ta nuna wannan ƙarara. KDE ta saki Plasma 6 ranar 28 ga Fabrairu, babban sauyi ne da ya koma kan Qt 6 ya kuma sa Wayland a gaba. Lokacin ya zo daidai da rufe ƙofar Ubuntu 24.04. GNOME 46 ba ta fito ba sai a Maris, amma ta shiga, domin dama an tanadar mata gurbi. Plasma 6 ba ta shiga ba, Kubuntu 24.04 ta tsaya a kan Plasma 5.27, sai a 24.10 ta haye. Fedora 40 kuwa, da ta fita a cikin wannan Afrilun, da Plasma 6 ta zo. A ganina mutanen Kubuntu sun yi daidai, ba a ɗora wa LTS abin da bai yi wata biyu a duniya ba. Amma ka duba abin da hakan ke nufi ga mai gwaji: wanda ya zauna a kan Ubuntu mai tasowa a Maris ɗin 2024 yana zaton yana gwada sabuwar Plasma, tsohuwa yake gwadawa a kan sabon ƙasa. Wanda ke kan betar Fedora kuma sabuwa yake gwadawa a kan sabon ƙasa. Koke-kokensu ba za su taɓa zama iri ɗaya ba, ko da kalma ɗaya suka yi amfani da ita.

A wannan zagayen ne kuma aka yi wani aiki da ya wahalar da duk wanda ke kan reshen gwaji. Tsofaffin tsare-tsare masu ƙirga lokaci da bit 32 lissafinsu zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038, don haka Debian ta ɗauki aikin mayar da su bit 64, Ubuntu ta bi sahu. Wannan ya sa aka sauya wa ɗimbin tubalan manhaja suna, wato fakitocin da manhajoji da yawa ke tarayya a kansu, aka liƙa musu t64 a ƙarshe. Misali libgtk-3-0 ya koma libgtk-3-0t64. Duk manhajar da ta dogara da tubalin da aka sauya sai an sake haɗa ta, kuma ba a rana ɗaya ake gamawa ba. To a tsakanin nan ne haɗarin yake. Ka ba apt, manhajar da ke ɗora fakitoci da cire su, umarnin sabuntawa, sai ta lissafa ta ga sabon tubali ya iso amma rabin fuskarka na neman tsohon, sai ta kawo maka shawara mafi sauƙi a wurinta: a cire fuskar. Za ta rubuto jerin abin da za ta cire, ta tambaye ka ko ka yarda. Wanda ya saba latsa "eh" ba tare da ya karanta ba, shi ne zai kunna kwamfuta gobe ya tarar da baƙin allo da ɗan layi yana ƙyaftawa. Maganin ba wani ilimi mai zurfi ba ne: in jerin cirewa ya yi tsawo, ka ce a'a, ka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. Kuma fakitocin GNOME ne ake fara gyarawa, don haka mai baƙuwar fuska shi ya fi daɗewa a cikin wannan rami.

Ana cikin wannan ne Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, wata manhajar ajiye bayanai, ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa mai Debian sid ta hanyar SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata. Ya bi diddigi, ranar 29 ga Maris, 2024 ya fallasa cewa an dasa ƙofar sata a cikin xz, manhajar matse fayiloli, a fitowarta ta 5.6.0 da 5.6.1. Guba ta riga ta shiga Debian sid da testing da Fedora Rawhide, amma ba ta kai ga tsayayyun fitowar da bankuna da ma'aikatu ke amfani da su ba. Canonical ta ɗage betar 24.04 da mako guda don a sake haɗa fakitoci. Wannan labari ba na fuskar kwamfuta ba ne, amma ya amsa tambayoyi biyu lokaci ɗaya: me ya sa ake bukatar mutane su zauna a reshen gwaji, da kuma me ya sa ba a ajiye asusun banki da takardun aiki a kansa.

Yanzu mu matso kusa mu ga abin da ke faruwa idan mutum ya ƙara Plasma a kan Ubuntu mai GNOME. Ya rubuta umarnin ɗora kubuntu-desktop, fakitoci ɗaruruwa suka fara sauka. Can tsakiyar aiki sai wani allo ya fito yana tambayarsa wanne zai riƙa karɓar kalmar sirri, gdm3 ko sddm. Ya zaɓa. Da ya sake kunna kwamfutar sai ya ga tambarin da ke fitowa tun farko ma ya sauya. A jerin manhajoji komai ya zama biyu: mai duba fayiloli Nautilus ga Dolphin, wurin saituna biyu, wurin rubuta umarni biyu. Ya buɗe Chrome, sai ya ga an fitar da shi daga shafukan da yake ciki, kalmomin sirrin da ya adana kamar sun ɓace. Ba su ɓace ba. Chrome yana ajiye mabuɗinsu ne a ma'ajiyar fuskar da ya tarar, gnome-keyring a GNOME, KWallet a Plasma, yanzu kuma yana lalube a inda ba a ajiye ba. Ya ce bari ya koma GNOME, sai ya tarar kibiyar linzami da harafin wasu manhajoji sun sauya, domin Plasma ta rubuta nata zaɓin a fayilolin saitin GTK da ke ɓoye a cikin foldar gidansa. Ya ce to bari ya cire abin gaba ɗaya, sai ya gane kubuntu-desktop jerin sunaye ne kawai, cire shi ba ya kwashe abin da ya jawo.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da alaƙa da cewa Ubuntun ba ta kammala ba. A tsayayya ma haka za su faru. Amma wanda bai san haka ba, in ya haɗu da su a reshen gwaji, zai tafi yana cewa sabuwar Ubuntu ta lalace, ko Plasma ba ta da kyau, alhali abin da ya gani rikicin fuska biyu ne a folda ɗaya. Shi ya sa matakin farko, wanda bai cin ko sisi, shi ne a buɗe sabon asusun mai amfani a kwamfutar, a shiga baƙuwar fuskar da shi. In matsalar ta ɓace, to tsofaffin saitunanka ne. In tana nan, an fara samun abin kai rahoto.

Ni a wurina nan ne bambancin ɗan kallo da mai gwaji yake. Ɗan kallo ya shiga, ya zagaya, ya ɗauki hoton allo, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Mai gwaji kuwa aikinsa shi ne ya gano a wane hawa tangarɗar take. A ce allo na yin baƙi duk lokacin da aka rufe murfin laftof aka buɗe. Sai ya koma GNOME a kan wannan Ubuntun ya rufe murfin. In ita ma ta yi, ba ruwan Plasma, a nemi kanel ko Mesa. In ba ta yi ba, sai ya gwada wannan Plasma ɗin a kan tsayayyar babbar manhaja. In can ma ta yi, maganar ta mutanen KDE ce, a kai musu can. In can lafiya lau, to a wurin haɗuwar ne, wato aikin masu shirya fakitin Kubuntu. Sannan akwai tambayar da kusan kullum ita ake fara yi wa mai kai ƙorafi: a kan X11 kake ko Wayland? Umarnin echo $XDG_SESSION_TYPE zai faɗa maka. In allo ya ƙi fitowa sam, Ctrl da Alt da F3 za su kai ka wurin rubuta umarni, journalctl kuma ya nuna maka abin da ya faru kafin faɗuwar. A Ubuntu, ubuntu-bug tare da sunan fakitin zai tattara bayanan kwamfutarka ya buɗe maka rahoto a Launchpad, shafin da Ubuntu ke karɓar ƙorafe-ƙorafe. Rahoton da ya ce "ba ta aiki" ba wanda zai taɓa shi. Wanda ya ce ga irin kwamfutata, ga abin da na latsa, ga abin da na zata, ga abin da ya faru, kuma a GNOME ba ya faruwa, shi ne ɗan sa-kai mai awa ɗaya a hannunsa zai ɗauka.

Maganar X11 da Wayland ba ƙaramar magana ba ce, domin a Wayland fuskar ce da kanta ke riƙe da allon. Ubuntu 17.10 ta sa Wayland a gaba, 18.04 ta ja da baya ta koma X11, kuma dalilan da aka bayar a lokacin su ne raba allo da wani a taron intanet, da sarrafa kwamfuta daga nesa, da kuma cewa in GNOME ta faɗi a kan Wayland tana tafiya da duk manhajojin da ke buɗe. Sai a 21.04 aka sake dawowa, a 25.10 kuma aka cire zaman GNOME na X11 ɗungurungum. Sauran fuskokin kowacce tana nata matakin a wannan ƙaura. Plasma ta yi nisa, Cinnamon da Xfce kuwa da sunan gwaji suka fara shigo da Wayland, ta farko a Linux Mint 21.3, ta biyu a Xfce 4.20 a Disambar 2024. Ke nan fuska biyu a kwamfuta ɗaya na iya kasancewa ba a kan tsarin allo ɗaya suke ba, kwatanta su kai tsaye zalunci ne.

Wasu za su ce ai sai a yi gwajin a kwamfutar cikin kwamfuta, irin wadda VirtualBox ko GNOME Boxes ke ƙirƙirawa. Hakan ya wadatar in tsarin maɓallai da launi kake son gani. Amma katin hoton da ke ciki na bogi ne, babu batir, babu murfi, babu maɓallin ƙara haske, babu majigin da za a jona. Kuma a waɗannan wuraren ne fuskoki suka fi faɗuwa. Filashi mai tashi da kansa ya fi, domin yana taɓa ƙarafan gaske. Wanda ya fi duka shi ne keɓe wani yanki na faifai ko wata tsohuwar laftof da ba a dogara da ita ba.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Mafi yawan laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu a wajenmu na gwanjo ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad da ake samu a Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja, da yawa masu ƙwaƙwalwar gigabait 4 da allo mai 1366 da 768. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar galibin waɗanda suka girmi zubi na takwas na Intel. Irin waɗannan kwamfutoci su ne Xfce da LXQt da MATE suka fi dacewa da su, amma ba su ne ke kan teburin masu rubuta manhajar ba. Tagar saituna da ta fi tsayin allo, har maɓallin amincewa ya nutse ƙasa ba a iya kai masa, wanda ke da babban allo ba zai taɓa ganinta ba. A 2022, Mesa 22.0 ta cire tsofaffin direbobinta, tsofaffin katunan Intel suka koma kan wani sabo mai suna crocus. Irin wannan sauyi, wanda ke da kwamfutar ne kawai zai iya cewa ya yi ko bai yi ba.

Haka batun rubutunmu. A cikin tarin tsare-tsaren madannai da Linux ke zuwa da su akwai na Hausa na Najeriya da na Hausa na Gana, masu ba da ɓ da ɗ da ƙ. A zamanin X11, umarni ɗaya na setxkbmap ya isa a kunna shi a kowace fuska. A Wayland wannan umarni ba ya sauya wa manhajojin Wayland komai, kowace fuska ita ke da alhakin samar da wurin zaɓen madannai da hanyar sauyawa tsakaninsu. Sabuwar fuska na iya fita da wannan sashe a gurguje. Ko harafin da ta zaɓa ya kasance ba shi da ƴ ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, sai a aro shi daga wani harafin, ya fito a tsakiyar kalma ya fi sauran kauri ko tsayi. Injiniyan da ke Jamus ko Amurka ba ƙeta ce ta hana shi gyarawa ba, bai taɓa rubuta "ƙwaƙwalwa" ba ne. In mu ba mu kai rahoto ba, ban ga wanda zai kai ba.

Ba na cewa abin kyauta ne. Hoton Ubuntu 24.04 wajen gigabait 6 ne, reshen gwaji kuma kusan kullum da sabuntawa, ga tsadar data. Akwai sauƙi guda: ana ajiye fayil ɗin zsync tare da hoton kowace rana, wanda ke duba tsohon hoton da ke hannunka ya sauko da abin da ya sauya kawai. Sai ɗaukewar wuta. In ta kama ka a tsakiyar sabuntawa da mataccen batir, fakitoci za su tsaya rabi da rabi, kuma sudo dpkg --configure -a shi ne abin da ake fara rubutawa. Wanda laftof ɗaya gare shi, a kanta yake rubuta aikin kammala karatunsa, ban ba shi shawarar ya shiga wannan harka ba, sai dai ta filashi.

Akwai kuma abin da gwaji ba ya iya yi. Unity 8 ba ƙarancin rahoto ne ya kashe ta ba. Canonical ta so fuska ɗaya da za ta yi aiki a waya da kwamfuta, sai ta sauya kusan komai lokaci guda: ta ƙirƙiro nata tsarin allo mai suna Mir a 2013 maimakon bin Wayland da sauran jama'a, ta sake rubuta fuskar da Qt, tsofaffin manhajoji kuma sai an bi ta wata dabara mai suna Libertine kafin su buɗe. A 2013 ɗin kuma ta nemi jama'a su tara dala miliyan 32 don wayar Ubuntu Edge, aka samu ƙasa da miliyan 13. Da kasuwar wayar ta ƙi, sai lissafin kuɗi ya yanke hukunci. 'Yan sa-kai na UBports suka ɗauki abin da ya rage, a 2020 suka sauya masa suna zuwa Lomiri. Ita kuwa KDE 4.0, da ta fita a Janairun 2008, nata ciwon daban ne: masu ita sun san ba ta nuna ba, amma lambar 4.0 ta sa aka ɗauke ta a matsayin kammalalliya, Fedora 9 ta ba wa jama'a ita a Mayun shekarar, har Linus Torvalds ya ce ya bar ta ya koma GNOME. Ta ɗauki shekaru kafin ta wanke sunanta.

System76, kamfanin sayar da kwamfutoci da ke Denver a Amurka, ya bi wata hanyar da COSMIC, wadda ya rubuta da harshen Rust. Ya fitar da alfa ta farko a Agustan 2024, ya bar ta da sunan gwaji fiye da shekara, sai a Disambar 2025 ya ce ta kammala. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙasan da ya zaɓa: ya ɗora ta a kan Ubuntu 24.04 LTS, wadda ta riga ta tsaya. Fuskar na motsi, ƙasa ba ya motsi, don haka in abu ya karye an san inda za a fara dubawa. KDE neon ma haka take yi tun 2016, sabuwar Plasma a kan tsayayyar Ubuntu. Wanda fuskar ce damuwarsa, nan ya kamata ya je. Gwada baƙuwar fuska a kan babbar manhaja mai tasowa wata tambayar yake amsawa: shin waɗannan biyun za su zauna lafiya ranar da aka sake su tare?

Kuma lokacin amsa ta ƙayyadadde ne. Tsakanin rufe ƙofa da fitar beta, da 'yan makonnin da ke biye, mai shirya fakiti na iya tura gyara ya isa ga kowa cikin kwana ɗaya ko biyu. A makon saki, kowace tawaga, Xubuntu ce ko Lubuntu ko Ubuntu MATE, sai ta tabbatar an gwada hotonta kafin a fitar da shi, kuma sau da yawa mutane ƙalilan ne ke wannan aiki. Da zarar an saki, dokar ta sauya. Gyara sai an rubuta dalilinsa da hanyar tabbatar da shi da irin ɓarnar da zai iya jawowa, wata tawaga ta amince, ya zauna aƙalla kwana bakwai a wani sashen jira mai suna proposed, wani ya gwada ya shaida ya yi aiki. Tangarɗar da ke fakitin universe, wadda ba ta cinye wa kowa fayil ba, sai dai ta ɓoye maɓalli a ƙaramin allo ko ta hana madannan Hausa sauyawa, ba kasafai ake samun mai bin wannan doguwar hanya dominta ba. Yawanci sai a fitowa ta gaba, in kuma LTS mutum yake bi, shekara biyu ke nan.